KWASA-KWASAN INTANET: MASU SHIGA DUBBAI, MASU KAIWA ƘARSHE 'YAN ƘALILAN

Wannan jawabi ne da aka gabatar a wajen wani zaman ƙara wa juna sani da aka shirya wa matasa, ma'aikata da 'yan kasuwa. Mai jawabin malami ne da ya daɗe yana koyar da aikin kwamfuta. Wakilinmu ne ya ɗauko ya rubuto mana, mun ɗan taƙaita wasu wurare saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.



Iyayenmu da ke zaune a nan gaba, 'yan uwa maza da mata, an ce in yi magana a kan kwasa-kwasan nan da ake yi ta intanet don ƙaro sani a harkar aiki, kasuwanci da fasahar zamani. Na san a cikinmu nan akwai wanda ya riga ya biya kuɗinsa ya shiga, akwai wanda yake tara kuɗin, akwai kuma wanda ɗansa ya dame shi a saya masa kwamfuta wai zai yi kwas ya riƙa karɓar albashi da dala. To, dukkanmu maganar ta shafe mu, domin ana kashe kuɗi da lokaci a wannan harka, kuma da yawa ana kashe su ne a banza.

Da farko ya kamata mu san cewa abin ba sabo ba ne. Karatu daga nesa ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun wajejen 1840 wani Bature a Ingila mai suna Isaac Pitman yake koyar da gajeren rubutu irin na sakatarori ta gidan waya. Ya aika maka darasi, ka yi aikin ka mayar masa, ya gyara ya sake aiko maka. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa cewa mutum yana iya zama a inda yake ya yi karatu, ya zo ya zauna jarrabawarta, in ya ci a ba shi digiri. Akawuna da malaman makaranta na ƙasar nan a zamanin Turawa da bayansa sun ci moriyar wannan sosai. Dattawan da ke nan za su tuna Wolsey Hall da Rapid Results College. Mutum ya tashi aiki, ya kunna fitilar aci-balbal ko ta ƙwai, ya zauna da takardun da aka aiko masa daga Ingila, ya rubuta amsa ya sa a ambulan ya manna kan sarki, sa'annan ya jira makonni kafin gyara ya dawo. Obafemi Awolowo ta haka ya sami digirinsa na kasuwanci na Jami'ar Landan yana zaune a Nijeriya. Nelson Mandela yana tsare ya ƙarasa digirinsa na lauya da jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu. A nan gida kuma, an kafa cibiyar malamai ta NTI a Kaduna a 1976, malaman firamare da yawa ta nan suka ɗaga takardunsu ba tare da sun bar aji ba. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita.

Me ya sa na kawo wannan tarihin? Don ku lura da abu ɗaya. Waɗancan mutanen wahalarsu ita ce samun darasin. Mu kuwa darasin ya zo har cikin aljihunmu, wahalarmu ita ce zama a kansa. Kuma ina ganin tamu ta fi tasu wuyar magani.

Yadda abin ya taso

Abin da muke gani yau ya tashi ne daga Amurka. A 2011 wasu malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka ɗora kwas ɗinsu na Jami'ar Stanford a kan ƙirƙirarriyar basira a intanet, suka ce kowa ya zo kyauta. Mutum wajen 160,000 suka yi rajista daga ko'ina a duniya. Hankalin kowa ya tashi. Shekarar da ta biyo baya, 2012, sai ga Coursera wadda Andrew Ng da Daphne Koller suka kafa, su ma malaman Stanford ne. Sai ga edX ta jami'o'in MIT da Harvard. Shi kansa Thrun ya kafa Udacity. Kafin su akwai Udemy, tun 2010, wadda ita kasuwa ce kawai, kowa ma yana iya shirya darasinsa ya kasa a sayar. Akwai Alison ta ƙasar Ayilan tun 2007. A lokacin har ana cewa jami'o'i sun kusa rufewa, talakan Afirka da na Asiya zai yi karatun Harvard a ƙarƙashin bishiya.

To, ina aka kwana? Daga cikin mutum 160,000 ɗin nan, wajen 23,000 ne suka kai ƙarshe. Kuma wannan ma ya yi kyau in aka gwada da abin da ya biyo baya. A 2019 wasu masu bincike biyu na MIT, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a mujallar Science. Sun duba kwasa-kwasan MIT da Harvard da ke kan edX na tsawon shekara shida. Suka tarar a zangon 2017 zuwa 2018, cikin kowane mutum 100 da suka yi rajista, kimanin uku ne kacal suka kammala. Uku fa! Kusan rabin masu rajistar ma ko darasin farko ba su buɗe ba. Sa'annan akasarin ɗaliban daga ƙasashe masu arziki suke, mutanen ƙasashe irin namu 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Wato wanda aka ce don shi aka buɗe ƙofar, shi ne bai shiga ba. Wanda ya riga ya ƙoshi, shi ya ƙara loma.

Amma akwai wani abu a cikin binciken da nake so ku riƙe. Waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida tun farko, kusan rabinsu sun kammala. Darasi ɗaya, malami ɗaya, bidiyo ɗaya. Bambancin kawai shi ne wannan ya sa wani abu nasa a ciki wanda yake jin zafin rasawa. Ba ina cewa ku je ku biya kuɗi ba ne. Ina cewa ne abin da ba ya ɗaure mutum, da wuya mutum ya ɗaure kansa a kai. Za mu dawo kan wannan.

Kuma kada mu manta waɗannan kamfanoni ne, ba gidan sadaka ba. LinkedIn ta sayi Lynda.com a 2015 a kan dala biliyan 1.5, shi ne ya zama LinkedIn Learning. Ita kanta LinkedIn, Microsoft ta saye ta a 2016. edX da aka kafa ba don riba ba, a 2021 aka sayar da ita ga wani kamfani mai suna 2U a kan dala miliyan 800, kuma a 2024 shi 2U ɗin sai da ya je kotu neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. Coursera ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021. Wanda yake da masu hannun jari a bayansa dole ya nemo musu riba. Shi ya sa za ka ga abin da yake kyauta bara, bana an sa masa kuɗi, ko an bar maka makon farko ka ɗanɗana sauran sai ka biya. Saboda haka duk abin da wani ya gaya maka cewa kyauta ne, ka shiga ka duba da idonka ranar da za ka fara.

Takarda ba ɗaya ba ce

Yanzu bari in zo inda aka fi cutuwa, wato maganar satifiket. Mu mutane ne masu son takarda. Yaro ya zo maka da fayil cike da satifiket goma sha biyar, duk an buga su da kala an lulluɓe da leda. Ka ce masa ga kwamfuta, ga lissafin cinikin shago na wata uku, jera min shi a Excel ka gaya min wane kaya ne ya fi kawo riba. Sai ya fara sosa ƙeya. (Dariya.) Wallahi ba abin dariya ba ne, domin kuɗin uwarsa ne ya tafi a takardun nan.

Akwai takardar da ba ta cewa komai illa wane ya kalli bidiyon nan har ƙarshe. Irin ta Udemy ke nan da makamantanta. Ba wanda ya zauna ya tsare ka ya ga kai ne ka yi. Kana iya kunna bidiyon ka tafi kasuwa ka dawo. Ba laifi ba ne a same ta, kuma darasin kansa yana iya zama mai kyau ƙwarai, amma mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi ba zai ba ta wani nauyi ba.

Akwai wadda ta ɗara wannan, wadda wani babban kamfani ya tsara karatun ya sa sunansa, da ayyuka da gwaje-gwaje a ciki. Google ta fara irin wannan a 2018 da kwas na gyara da kula da kwamfutocin ofis, daga baya ta ƙara da nazarin alƙaluma, tafiyar da ayyuka da sauransu, kuma a kan Coursera ake yin su. Su da kansu sun ce wajen wata shida ake yi in mutum yana ba shi sa'o'i kamar goma a mako. Wannan tana nuna ka yi zama, ka san harsashin abin. Amma ba ta ba ka aiki da kanta.

Sai kuma ta gaske, wadda ake zaunar da kai a yi maka jarrabawa ana kallon ka, ka nuna katin shaida, in ka faɗi ka faɗi kuɗinka ya tafi. CCNA ta kamfanin Cisco ga masu haɗa kwamfutoci, jarrabawar CompTIA, ta AWS, da PMP ga masu tafiyar da manyan ayyuka. Ita PMP ba ma a barin ka ka zauna sai ka kawo shaidar shekarun da ka yi kana jagorantar aiki. Kuma ku lura, waɗannan takardun mutuwa suke yi. CCNA shekara uku ce. Ta AWS shekara uku. Mai PMP dole ya tara sa'o'i 60 na ƙarin karatu a kowace shekara uku, in ba haka ba a soke shi. Wannan shi ne asalin ma'anar abin da muke magana a kai. Su a wajensu ilimin aiki kamar lasin tuƙi ne, sabuntawa ake yi. Mu kuwa mutum ya karɓi difloma tun 1998 ya rataye a bango, har yau da ita yake yaƙi, alhali aikin da aka koya masa ya canza sau biyar.

Sa'annan duk cikin ukun nan babu wadda take digiri. Kada wani ya yaudare ku. Kun tuna a Disambar 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har gwamnati ta dakatar da tantance digirin Binin da Togo a Janairun 2024. Ga waɗanda suka biya kuɗi suka sayi irin wannan takarda, yau ina suke? Duk wanda ya ce maka zai ba ka digiri ta intanet cikin wata biyu, ko digirin girmamawa in ka tura kaza, wannan ɗan damfara ne ko da ya sa kwat.

Halin da muke ciki

Ba zan tsaya nan in yi kamar a Landan muke ba. Na san babu wuta. Na san data ta yi tsada, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Na san abin da ya sami naira. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Jarrabawar CCNA dala 300 ce. In ka buga a kan 1,500, naira 450,000 ke nan, a ƙasar da aka sa mafi ƙarancin albashi 70,000 a 2024. Albashin wata shida da ɗoriya a kan zama ɗaya na sa'a biyu. To wanda zai shiga wannan ba shiri, ai ya yi wa kansa.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka fara da biya. Akwai abubuwa masu nauyi da ba a karɓar ko kwabo. CS50 na Harvard, wanda David Malan yake koyarwa, shi ne kwas ɗin share fagen ilimin kwamfuta da ɗalibansu suke yi, kuma a buɗe yake. Yana da wuya fa, kada in ɓoye muku, amma wanda ya gama shi ya san ya yi wani abu. Akwai freeCodeCamp ga mai son koyon gina shafukan intanet, sai ka gina abu da hannunka kafin su ba ka shaida. Akwai Cisco Networking Academy tun 1997. Coursera kuma tana da tsarin neman tallafi, ka rubuta musu halinka da dalilin da ya sa kake son kwas ɗin. Gwamnatin tarayya ma ta ɓullo da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani da hukumar NITDA, da burin horar da mutum miliyan uku, aka fara da 30,000 a rukunin farko. Abin da ya burge ni a tsarinsa shi ne sun haɗa karatun intanet da haɗuwa ido da ido a cibiyoyi. Maganar data kuwa, akasarin manhajojin nan suna bari ka sauke bidiyo ka kalla daga baya. Ka sauke da dare lokacin garaɓasa, ka rage ingancin hoton, ai ba fim kake kallo ba.

Babban shingen da ba a son faɗa shi ne Turanci. Kusan duk kwasa-kwasan nan da Turanci ake yin su, wasu da Faransanci ko Larabci. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗan sami sauƙi ta wajen Faransanci. Da Hausa kuwa abin da ke akwai kaɗan ne, yawanci ƙoƙarin ɗaiɗaikun matasa ne a YouTube, Allah Ya saka musu. In Turancinka bai kai ka saurari lacca ta minti ashirin ka fahimta ba, to kwas ɗinka na farko shi ne Turancin. Ba abin kunya ba ne. Ka kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo, ka rage saurin muryar, ka aje littafi kana rubuta kalmomi.

Me za a koya?

Nan ma ana ruɗewa. Kowa ya ji an ce tsaron intanet ko ƙirƙirarriyar basira ake yayi, sai kowa ya ruga can. Mai shagon atamfa a Kantin Kwari me zai yi da tsaron intanet? Abin da yake buƙata shi ne ya iya rubuta shiga da fita, ya san bambancin ciniki da riba, ya raba kuɗin shago da na cefane, ya iya ɗaukar hoton kayansa da kyau ya tallata a WhatsApp. Wannan kwas ɗin mako huɗu ne, kuma zai ga amfaninsa a aljihunsa kafin wata ya ƙare. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke jiran ƙarin girma, ya koyi rubuta rahoto da tsara kasafi a Excel, sai ya zama shi ne wanda shugaba ba ya iya yi sai da shi. Malamar asibiti, malamin makaranta, kowa akwai na fanninsa. Ka fara tambayar kanka: wane aiki ne yake gabana yanzu da na kasa yi, ko nake biyan wani ya yi min? Amsar ita ce kwas ɗinka. Ɗaya tak. Kada ka yi rajistar bakwai.

Ga 'yan uwa mata kuwa, wannan dama ce da ba a taɓa samu ba. Matar da ke gida da yara, wadda ba za ta iya zuwa Zariya ko Kano ta zauna shekara biyu ba, tana iya koyon lissafin kasuwanci ko zanen talla daga ɗakinta. Amma maigida, in ka yarda ta yi, to ka yarda da sa'a ɗayan da za ta zauna ba a kira ta ba. Ba ka saya mata data ba sa'annan kowane minti biyar a kawo ruwa, a ɗauki yaro.

Wani abu kuma da ya shigo tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022. Yanzu yaro yana iya kwafe tambayar kwas ya liƙa, na'ura ta ba shi amsa, ya ci ɗari bisa ɗari, ya karɓi takarda bai san komai ba. Wa ya cuta? Masu ɗaukar aiki sun san da wannan, shi ya sa suke ƙara komawa ga zauna ka yi mu gani. Ka yi amfani da na'urar ta yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu, har da Hausa tana ƙoƙartawa. Amma aikin, kai za ka yi.

Na ce zan dawo kan maganar ɗaure kai. Abin da karatun intanet ya rasa shi ne abin da makarantar zaure take da shi: lokaci sananne, abokan karatu, da wanda zai tambaye ka ina ka shiga jiya. Wannan kuwa ba sai an sayo shi da dala ba. A 2015 wata ƙungiya mai suna P2PU ta gwada haka da ɗakunan karatu na birnin Chicago. Mutane kaɗan su zaɓi kwas ɗaya na intanet, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako a ɗakin karatu, da mai kula da zaman wanda ba lallai ne ya san fannin ba. Daga baya aka kai tsarin har Kenya. Mu da muka gaji zama a gaban malami da littafi, ai mu ya kamata mu koya musu wannan.

Don haka ga abin da nake roƙon masu shirya wannan zama. Kafin a watse, a fitar da takarda. Duk mai so ya rubuta sunansa da abu ɗaya da yake son koya. A haɗa mutum biyar zuwa takwas masu buƙata iri ɗaya, mata da nasu rukunin. A samo musu wuri mai sola, ko ajin makarantar nan ne bayan an tashi. Mutum ɗaya ya sauke darussan makon, a raba wa saura ta waya, kuɗin data a yi karo-karo. Kowa ya aje wani abu a hannun ma'aji, ko naira dubu biyu ce, in ya kai ƙarshe a mayar masa, in ya gudu ta shiga asusun data. Bayan mako takwas a sake taruwa a nan, kuma kada kowa ya zo da satifiket. Mai shago ya zo da lissafin shagonsa, mai koyon gina shafi ya buɗe mana shafin mu gani. Ni kuma na ɗauki alkawarin zama da rukunin Excel duk ranar Asabar bayan la'asar.

Na ga an miƙo min takardar cewa lokaci ya yi, kuma akwai tambayoyi.